Fentin Babur Kafin Zuwan Kiliya

Da gwamnatin Gowon ta biya ma'aikata kuɗin Udoji a farkon 1975, har da ariyas na watannin baya, malaman makaranta da akawuna da malaman asibiti ba su yi wata-wata ba, kantunan babur suka nufa. Wanda ya shekara goma yana taka Rali ya jingine ta a zaure, ya hau Vespa ko Honda 175. Samari kuwa sai Suzuki da Yamaha, masu kukan da ake ji tun daga bakin layi. A wancan zamani ba a sayen babur da niyyar a sake wani baɗi. Da shi mutum zai kai 'ya'ya makaranta, ya je ɗaurin aure ƙauye, in Allah ya hore masa mota ya bar wa ƙanensa. Inji yakan jure duk wannan. Launi ne ba ya jurewa. Shekara biyar ko shida a ranar Kano, ja ya koɗe ya koma ruwan ƙasa, shuɗi ya yi toka-toka, bakin tanki ya yi dabbare-dabbare. Sai ka ji ana ce wa mai shi, Malam, ai ya kamata a yi wa dokin nan wanka.

Baffana yana cikin masu yin wannan wankan. Rumfarsa ta langa-langa ce a bayan makanikai a Fagge, kuma duk kayan aikinsa ba su cika buhu biyu ba: bindigar feshi guda ɗaya mai kofi a ƙasa, da kwamfireso da aka harhaɗa daga injin tsohon firji da tukunyar gas, da bokitai, da tsummoki, da tarin tsofaffin jaridun New Nigerian da Gaskiya Ta Fi Kwabo na rufe wuraren da ba a son fenti ya taɓa. Waɗanda ba su kai ƙarfinsa ba, masu fentin keke da akwatin ƙarfe, da famfon filit na maganin sauro suke feshi, hannu ɗaya na bugawa ɗaya na saiti. Mu yara da ake turawa rumfar lokacin hutun makaranta ko kallon bindigar ba ma yi. Namu samfefa ne da ruwan bokiti, kuma yaron shago na gaske yakan daɗe a kan wannan kafin a ba shi ko firaima ya fesa.

Aiki yana farawa da warwara. A cire tanki, da madigadi na gaba da na baya, da murafen gefe, da kwanon fitila, a zuba notina a gwangwanin madara. Sai wanki, na farko da kananzir, na biyu da Omo, wani lokaci har na uku. Dalili kuwa, Vespa da ƙananan Suzuki da Yamaha na lokacin duk masu cin fetur haɗe da baƙin mai ne, man nan kuwa babu lungun da ba ya shiga. In ɗigo ɗaya ya saura a jikin ƙarfe, ko maiƙon yatsan wanda ya gama cin ƙosai ya zo ya dafa, fenti zai guje wa wurin, ya bar ƙananan ramuka. Sai ka ji baffa ya ce, "Ga shi nan ya yi zanzana. Wa ya taɓa?" Ba mai amsawa. Gyaransa ɗaya ne, a jira ya bushe a kankare a sake.

Babu abin da yake cin lokaci kamar Vespa. Sauran babura firam ne da aka rataya wa tanki da murafe, kana iya ɗaukar abin da za ka fesa a hannu ɗaya. Ita kuwa, tun da kamfanin Piaggio ya fito da ita a Italiya a 1946, jikinta shi ne firam ɗinta, ƙarfe ne da aka lanƙwasa aka haɗe guda ɗaya tun daga garkuwar gaba har zuwa ƙarƙashin sirdi. In ana son aiki mai kyau sai an sauke inji, an zare waya da kebur, an cire ƙarafunan da ke kan matakar ƙafa, domin a ƙarƙashinsu ruwa yake kwanciya tsatsa ta yi gida. Ga murafen bayan nan biyu masu kumburi, waɗanda duk faɗuwar da mai ita ya taɓa yi suna ɗauke da shaidarta. Ana kai su wajen fanel bita ya buga da guduma ya fito da lotsawar gwargwadon iko, abin da ya rage a cike da fila. Fenta mai mutunci ba ya yawaita fila. Wanda ke gaggawa kuwa sai ya laɓta ta kaurin yatsa, ta yi sumul wata uku, ranar da babur ya faɗa rami ta tsage ta zubo.

Daga nan sai hawa-hawar samfefa. Mai lamba 80 tana cin tsohon fenti da tsatsa, 180 ta share sawun ta farko, 320 ko 400 ta share sawun ta biyu. Wanda ya tsallake ɗaya, zane-zanen za su ɓuya a ƙarƙashin firaima, sai fenti ya bushe ya kama jikinsa su fito fili. Akwai dabarar da na fi son kallo. Bayan firaima ta bushe, baffa yakan ɗauki bindiga ya watsa baƙin fenti sama-sama, ba don ya rufe ba, ɗan ɗigo-ɗigo kawai. Sai ya naɗe samfefa a guntun katako ya miƙo mini. Ina gogawa baƙin yana tafiya, amma duk inda akwai kwari, komai ƙanƙantarsa, baƙin yana nan zaune, katako ya bi ta kansa bai taɓa shi ba. Inda kuma ƙarfe ya leƙo da wuri, tudu ne. Idan na ce na gama, ba ya dubawa da ido. Yakan kau da kai gefe yana magana da wani, ya shafa tafin hannu a kan tankin a hankali, sai ya tsaya cak a wuri ɗaya ya ƙwanƙwasa da farce: "Kai yaro, nan fa?"

Fenti iri biyu ne a hannun mutane a lokacin. Akwai fentin mai, mai araha, wanda yake fitowa daga bindiga da ƙyallinsa, amma yana kwana bai bushe ba, duk ƙura da ƙwaron da suka zo wucewa sun samu masauki. Da shi ake yi wa dillalai aikin sha-yanzu-magani-yanzu. Sai kuma salulos, fentin manya. Asalinsa daga Amurka ne, kamfanin DuPont ya fito da shi da sunan Duco a farkon shekarun 1920, ya rage wa masu ƙera mota makonnin da suke ɓatawa suna jiran fenti ya bushe. Shi ba ya jiran komai, tina ce take tashi ta bar shi, cikin 'yan mintoci ƙura ta daina kama shi. Sai dai ba shi da kauri. Rabin abin da ke kofi ko fiye tina ce da iska za ta kwashe, don haka sai an yi hannu shida, bakwai, har takwas, ana hutawa tsakani, kowane sabon hannu yana narka saman na ƙasa su zama abu ɗaya. In kuma aka kuskura aka fesa shi a kan fentin mai da wani ya taɓa yi, tinar za ta tayar da na ƙasan, tanki ya yamutse gaba ɗaya. Shi ya sa tambayar farko da ake yi wa mai babur ita ce, an taɓa yi masa fenti? In ya ce a'a, sai a jiƙa tsumma da tina a goga a ƙasan madigadi, a ji daga bakin ƙarfen.

Abin da na ga yaran yanzu ba su sani ba shi ne, salulos ba ya ƙyalli da kansa. In an gama feshi tanki yakan fito dishi-dishi, da ɗan kaushi kamar bayan lemo. Ƙyallin da hannu ake ciro shi. Sai a rataye kayan kwanaki su gama bushewa, mai babur yana zarya a ƙafa yana ƙorafi. Sannan a kawo samfefa mai laushi, lamba 1000 ko 1200, wadda ta kwana a ruwa, a ɗan goga mata sabulu, a bi jikin fentin da ita ba tare da dannawa ba, ruwa yana zuba launin fentin. Wurin haɗari shi ne gefuna da ƙusurwoyi, inda fenti ya fi siranta. Goga biyu ta wuce ƙima sai firaima ta leƙo, aikin mako ya koma baya. Bayan samfefa sai man gogewa mai ɗan yashi-yashi, da tsohuwar singileti, a yi ta murzawa har tsumma ya ɗau zafi, kafaɗa ta ƙage. A nan ne launin yake buɗewa. Ja ya yi zurfi, baƙi ya zama ruwa, har ka ga layukan langa-langar rumfa a jikin tanki sun miƙe ba karkata. Wannan miƙewar layin ita ce jarrabawa. In layi ya yi rawa a wani wuri, to akwai abin da aka bari tun a samfefar farko.

Kuma duk shekara fenta yana kokawa da yanayi. Da damina, tina tana tashi da sauri ta sanyaya ƙarfe, laimar iska ta sauka a kan ɗanyen fenti, sai ka ga baƙin tanki ya yi hazo fari-fari a gabanka. Da hunturu ƙura ce, wadda ba ta jin labule ko buhu. Da bazara kuwa, a watan Afrilu da zafin Kano kan haura digiri 40, fenti yakan bushe a iska tun bai isa jikin ƙarfe ba, ya sauka gari-gari. Don haka lokacin feshi shi ne bayan asuba zuwa hantsi, a yayyafa ruwa a ƙasa ƙura ta kwanta, a hana kowa shara a kusa. Sai kuma NEPA. Ana tsakiyar hannu na huɗu a ɗauke wuta, iskar tukunya ta fara raguwa, bindiga ta koma tofi. Ban taɓa jin baffa ya yi zagi ba sai a irin wannan lokaci.

Hannunsa a kan bindiga abin kallo ne. Tazarar ɗani ɗaya daga ƙarfe, ba ya kusantowa ba ya nisantawa, duk jikinsa ne yake tafiya ba wuyan hannu ba. Yana danna kunama tun kafin ya iso tanki, ba ya saki sai ya wuce shi, kowane layi ya hau rabin na baya. Wanda ya tsaya ko daƙiƙa ɗaya a wuri guda, fenti zai taru ya yi hawaye. Wanda ya ji tsoron hawaye ya yi sauri, ya samu kaushi. Tsakanin biyun nan sana'ar take.

To amma kada son tsohon zamani ya sa a yi ƙarya. Salulos yana da rauni, kuma masu babur sun sani. Rana tana cinsa, in ba a bi shi da man gogewa a kai a kai ba, shekara biyu ya dusashe, wani ma ya yi tsage-tsage. Babban abokin gabansa kuwa fetur ne. A gidan mai da sauƙi. Amma da wahalar mai ta zama ruwan dare, aka koma sayen kwalba da galan a hannun 'yan bumburutu, yaro ya kafa mazurari ya tuttula, rabin kofi ya gangaro ta gefen tanki, mai babur ya sa hula ko gefen riga ya goge. Wata biyu ka ga hanyar da man yake bi ta fito ɓaro-ɓaro. Fentin kamfani bai cika yin haka ba domin a tanda ake gasa shi, abin da babu mai rumfar da yake da shi.

Akwai kuma launin da ya gagari kowa a layin. Baburan Japan na shekarun 1970 sukan zo da wani ja ko shuɗi ko ruwan zinariya mai zurfi, kana kallonsa kana hango wani haske daga ƙasa. Hawa uku ne: a shimfiɗa ruwan azurfa, a ɗora launi mai shara-shara wanda ake ganin azurfar ta cikinsa, sannan a rufe da ruwa marar launi. Duk hannun da aka ƙara launin yana ƙara duhu, don haka ba a iya yin faci, kuma murfin gefe ba zai taɓa dacewa da tanki ba sai an fesa su tare. Mai irin wannan babur in ya zo, gaskiya ake gaya masa: "Alhaji, wannan jan ba za ka same shi ba. In ka yarda a yi maka ja na sosai, a ja masa farin layi." Layin kuwa masu zanen gingimari ake kira, su ja shi da siririn buroshi, hannu ɗaya, ba tef ba ma'auni.

Daga 1986, da tsarin SAP na gwamnatin Babangida ya karya darajar naira, sabon babur ya fi ƙarfin ma'aikaci. Ga masu fenti wannan kaka ce. Wanda da zai sayi sabo ya dawo ya gyara tsoho, ga 'yan Kwatano suna shigowa da launin da ya sha dusar ƙanƙarar wata ƙasa, ga matasa sun fara acaɓa. Mako biyu kafin Sallah ba ka samun wurin rataye tanki a rumfa. A lokacin ne kuma ha'inci ya yawaita. Dillali ya kawo babur da ya sha karo, a cika shi da fila, a watsa masa fentin mai, gobe yana kasuwa. Masu wayo sukan tafi sayen babur da ɗan maganaɗisun tsohuwar lasifika a aljihu, su bi jikin tanki da shi. Inda ya ƙi kamawa, ba ƙarfe ba ne. Baffa kuma ba ya canza wa babur launi sai ya ga rasit. In baƙo ya zo da babur mai lafiyayyen fenti ya ce a mayar masa da shi baƙi kafin gobe, sai ya ce aiki ya yi masa yawa.

Kiliya, wato ruwa marar launi mai ƙyalli da ake rufe fenti da shi, ta shigo ne ta garejin motoci, sannan ta gangaro wajen masu babur. Tsarinta daban ne. Launin da ake fesawa a ƙasa hannu biyu ko uku ne, marar ƙyalli, aikinsa launi kawai. Bayan 'yan mintoci, ba tare da an taɓa shi da samfefa ba, sai a ɗora kiliya, wadda ake haɗawa da hadina, galibi kashi biyu da kashi ɗaya. Ita ba bushewa kawai take yi ba, sinadaran biyu ne suke ƙulluwa su zama abu mai tauri wanda tina ba ta sake narkawa. Shi ya sa in an haɗa aka bar ta a kofi 'yan sa'o'i, ita da bindigar sai dai a yi haƙuri. Hannu biyu, kashegari tanki yana walƙiya ba wanda ya murza shi. Sitika tana shiga ƙarƙashinta ta zauna lafiya, launin azurfa da ya gagara ya zama wasan yara, fetur ya zuba a goge ba tabo. In don inganci ne, ta fi salulos nesa ba kusa ba, kuma tsofaffin da suka ƙi ta da farko sun dawo sun karɓa. Ƙorafin farko da nake ganin yana da tushe shi ne: ƙyallinta yana ruɗar mai saye. Da can sai an wahala a ƙasa kafin a samu haske a sama. Yanzu ana iya zuba kiliya mai kauri a kan aikin banza, ya yi ta sheƙi, sai an karkata kai an kalli layi sannan a ga tankin duk tudu da kwari ne.

Illarta ta biyu tana ƙirjin masu aikin. Hadina tana ɗauke da sinadarin da likitoci suka tabbatar yana haddasa asma, kuma hankici ko takunkumin yadi ba sa tare shi. Tun zamanin salulos an saba, in an gama feshi a aiki yaro ya sayo madarar gwangwani a sha, wai tana wanke ƙirji. Madara ciki take tafiya, tururin kuwa huhu. Har yau za ka ga saurayi yana fesa kiliya a cikin shago rufe saboda gudun ƙura, da tsohuwar riga ɗaure a hanci, gwangwanin madara na jiransa a kan benci.

Abin da ya rage wa sana'ar kasuwa ba fenti ba ne, baburan ne suka sauya. Da Jincheng da sauran 'yan Sin suka cika gari, sannan Bajaj ɗin Indiya ya biyo, babur ya zama kayan neman kuɗi da ake mora shekara biyu ko uku a sayar a ƙara ciko a sayi wani. Masu jikin roba, waɗanda ake kira roba-roba, in murfi ya fashe ba a kai shi ko'ina, a je kasuwa a sayo sabo da launinsa da sitikarsa, sau da yawa a ƙasa da kuɗin fenti. Roba ma ba ta riƙe fenti sai an fara sa mata nata irin firaimar, in ba haka ba ya saɓule a wankin farko. Sai wata al'ada da har yanzu take ba ni dariya: mutum ya sayi sabon babur ya ƙi ɓare ledar kamfani, ya ƙara naɗe tanki da wata, ya ɗora masa riga, domin ranar sayarwa a ga fentinsa gar. Wato yana hawan babur shekara uku bai taɓa ganin launinsa ba, wanda zai saya yake ajiye wa. A watan Janairun 2013 kuma, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnatin Kwankwaso ta hana acaɓa a birni. Da yawa daga masu fentin babur suka koma kan A Daidaita Sahu, inda launin ɗaya ne, ruwan ɗorawa, kuma ba mai tambayar ko layi ya miƙe.

Masu kawo aikin tsanaki yanzu kashi biyu ne. Akwai dattawa masu Vespa, da 'ya'yan da suka gaji ta uba suke son su tayar da ita. Waɗannan ba sa gaggawa, kuma sun san abin da suke nema. Akwai kuma samari masu son babur ɗinsu ya fita daban, waɗanda da yawansu ba sa zuwa wajen kowa, gwangwanin feshi suke saya su yi a tsakar gida bayan sun kalli bidiyo a waya. Gwangwanin nan ba sabon abu ba ne, tun 1949 wani Ba'amurke mai suna Edward Seymour ya fara cusa fenti a ciki, kuma in an wanke maiƙo, an bi samfefa hawa-hawa, an yi hannu sirara ana hutawa minti goma tsakani, yana fitar da madigadi da murfin gefe da kwanon fitila tsaf. Tanki ne bai kamata a ba shi ba. Kiliyar gwangwani ta yau da kullum ba ta da hadina, fetur yana narka ta, kuma galibi a shan mai na farko ake ganewa. Wanda ya dage sai ya yi da kansa, ya fesa launinsa a gida, ya ɗauki tankin a ranar ya kai wa mai bindiga ya rufe masa da kiliya mai hadina, sannan ya bar shi kamar mako guda kafin ya zuba mai.